Lakar Da Ke Gudun Ruwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Na ji ciwon bayan nan naka ya sake tashi, Allah ya sawwaƙe, ko da yake na san ba za ka daina ɗaukar kaya kamar ɗan shekara ashirin ba sai likita ya ɗaure ka a gado. Mu nan lafiya lau. Maigidana yana gaishe ka, 'yan biyu sun shiga aji uku, kuma har yanzu malaminsu bai iya bambance su ba.

Maganar Inna ce ta sa na zauna na rubuto maka, don a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ka ce in shirya ta, wata mai zuwa za ka zo ka ɗauke ta ta koma wurinka, ni ma na amince a lokacin. Tun da gwiwa ta hana ta ginin tukwane, masu saye kuma suka koma bokitin roba, ta zama wata iri. Sai ta wuni a bakin taga, abinci sai an yi da gaske, magana ba ta wuce "to" da "madalla". Ni da nake aiki a kamfanin roba, ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayata me nake yi a can ba, kuma na san dalili. Tafiyarta za ta yi min ciwo, amma ganinta tana ƙarewa a gabana ya fi ciwo.

To ga abin da ya faru. Wata biyar ke nan da aka ba ni gwajin zuba garin laka a cikin roba, don kujeru da bokitai su ƙara ƙarfi, su daina lanƙwashewa in rana ta buge su. Matsalar ita ce laka ruwa take so, roba kuma ba ta shiri da duk abin da ke son ruwa, in ka haɗa su sai lakar ta dunƙule gefe guda. Shi ya sa muke wanke ta, mu jiƙa ta da wani sinadari ɗan'uwan sabulu, wanda ke manne wa kowace ƙwaya ya yi mata riga mai maiƙo. Sai mu busar a tanderun lantarki, mu niƙa, mu zuba a injin da ke narka roba. A takarda komai daidai yake. Amma duk abin da na fitar sai ya zo da ƙananan ramuka a ciki, kana taka ƙafar kujera ta ɓalle. Har manajanmu ya fara wuce teburina ba ya tsayawa.

Wata ranar Asabar da hantsi ina zaune a falo da guntun ƙafar kujera da wani curin lakar da na zo da shi, ina ta juya su, sai na ji Inna daga bakin taga tana tambaya wai meye wannan fari-farin. Yaya, sai da na waiwayo da sauri, don na manta rabon da ta ja ni da magana da kanta. Na ɗebo ruwa a kofi, na marmasa lakar a kai don in burge ta. Garin ya tsaya a sama yana yawo, ko jiƙa bai yi ba. Maimakon ta yaba sai ta ɓata rai, wai mun lalata baiwar Allah, ita shekararta arba'in a sana'a ba ta taɓa ganin laka mai gudun ruwa ba, wai har lakar ma mun koya mata girman kan 'yan boko. Na yi dariya har da hawaye.

Daga nan ta ce in miƙo mata curin. Ta raba shi biyu da babban yatsa, ta manna cikinsa a kuncinta, sannan ta ce wannan ai ɗanye ne. Na ce ina, awa shida ya yi a wuta, kuma na'urarmu ta nuna ya bushe. Ta tambaye ni daga ina nake ɗiban wanda nake aunawa, na ce daga sama. Kallon da ta yi min irin wanda take mana ne muna yara in mun fasa mata murfin tukunya. Ta ce busasshiyar laka ba ta yi wa kunci sanyi, kuma duk wanda ya kai ta wuta da gaggawa, bayanta ne zai ƙame ya rufe ruwan a ciki. Wai a shimfiɗa ta ba kauri, ta sha iska a inuwa tukuna ana juyawa, sannan a ba ta wuta kaɗan-kaɗan. Nan take na gane ramukan nan tururi ne ke yin su, wato ruwan da ya maƙale a cikin lakar ne ke tafasa in ta shiga injin narka roba. Ganin lakar tana korar ruwa ta waje ya sa na ɗauka babu ruwa a cikinta, ni da digirina.

Na yi yadda ta ce. Kujerar farko da ta fito, direban babbar motarmu, mutumin da ko ƙofa da gefe yake shiga, ya zauna a kai ya yi ta jijjiga, ko ƙara ba ta yi ba. Sauran gwaje-gwaje suna nan gaba, ban ce an gama ba. Amma da na faɗa wa manaja wadda ta gano matsalar, sai ya aiko da mota aka kai Inna kamfanin. Na so a ce ka gan ta cikin farar rigar aiki, tana bin farantan laka ɗaya bayan ɗaya tana ɗiba tana ɗorawa a kunci, injiniyoyi uku na biye da ita da biro a hannu. Yanzu duk Talata da Alhamis take zuwa, ita ke duba lakar da ake kawowa daga ramin da ake haƙo ta, ta ce wannan a karɓa, waccan yashi ya yi mata yawa. Tana cin abinci, tana faɗa, jiya har cewa ta yi na manta hanyar gishiri.

Shekaranjiya na tuna mata maganar tafiya. Ta ce in rubuta maka tana sa maka albarka, kuma ta san don ƙaunarta ka yi, amma ba za ta iya barin waɗannan injiniyoyin da laka su kaɗai ba, yara ne, ba su san komai ba. Don haka ina roƙonka, Yaya, ka bar min ita. In kewarta ta dame ka ka zo da kanka, sai dai kada ka sauka ranar aikinta, don ba za ka same ta a gida ba.

Ka gaida Anti da kyau, da Takwarar Inna, da Ƙarami mai ƙiriniya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Auta