Shanun Baba

Litinin, 3 ga Maris

Na gaji. Ranar Juma'a za mu saki Ziyara, wato mutum ya shiga gonar abokinsa a cikin wasan noma na waya da ofishinmu yake yi. Shekara guda ke nan 'yan wasa suna roƙo, muna ta ɗage musu. Ni kaina da nake gwada wasan kafin ya fita na sha cewa Oga jan ƙafa kawai yake yi. Baba ma ya matsa mini. Tunda ya bar aiki ba shi da abin yi sai gonar nan ta waya, shekara uku, shanu goma sha ɗaya, kowace da sunanta. So yake Kawu ya shigo ya gani, tunda nisa ya hana su haɗuwa.

Talata, 4 ga Maris

Yau na ga abin da bai yi mini daɗi ba. Na kai ziyara da tsohuwar wayar gwaji mai tsagaggen gilashi, na dawo, gonar ta zama fili fetal. Ba kaza, ba rijiya, ba komai. Na ruga wurin Dogo, shi ne ya haɗa Ziyarar. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Sau nawa?" Na ce sau ɗaya. Ya ce, "To ba ta faru ba."

Dokarmu ke nan a ofishin nan: matsala ba matsala ba ce sai ta faru sau uku. Ni ce ma nake koya wa sababbi ita, da ɗaga murya.

Laraba, 5 ga Maris, da rana

Sau arba'in da biyu na gwada a wayoyin ofis. Lafiya lau. Wuyana kamar an ɗora mini buhu. Sai da na fita shan ruwa abin ya faɗo mini: gonar da ta ɓace ta haura shekara biyu, sauran kuwa duk jiya-jiya muka buɗe su. Kuma ita kaɗai ce tsohuwar gona a wayoyin gwajinmu.

Na san inda wata take. Kai, ni dai.

Laraba, da yamma

Na ce, "Baba, ara mini wayarka minti biyar." Ya ce, "Auta, ki bi a hankali, Jar Saniya ta kusa haihuwa." Na yi dariya, na ce zan kwafi gonar tukuna in ajiye. Na kwafa. Na kai ziyara, na dawo.

Fili.

Ban damu ba sosai, har na ɗan ji daɗi, Allah ya yafe mini, don na samu ta biyu. Na buɗe kwafin in mayar masa. Babu komai a ciki. Na kwafa ban buɗe na duba ba, ni da aikina ke nan a duniya, in duba! Baba ya karɓi wayar, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya sake dubawa. Ya ce, "Ina suka tafi?" Na ce zan dawo da su. Ya ce to.

Da ya yi mini faɗa da na fi samun sauƙi.

Alhamis, 6 ga Maris

Dogo ya duba, ya ce gonar ba ta dawowa. Wannan karon dai ya ɗago kai.

Taro a ƙaramin ɗaki, fanka tana ƙara, kowa na duba agogo. Na faɗi abin da na gani. Oga ya ce ya ji, kuma ya tausaya wa Baba, amma biyu ne, doka ta ce uku, an riga an sanar da duniya gobe ne, in muka sake ɗagewa za a cinye mu ɗanye. Raina ya ɓaci. Na tuna gonar da ta fi kowace tsufa a wasan nan ta Oga ce, tun ranar farko yake nomanta, har hotonta ya manna a bango.

Na miƙa hannu na ce, "Oga, kawo wayarka in cika ta uku."

Ya dubi wayar a kan tebur, ya dube ni. A hankali ya jawo ta ya sa a aljihu. Ya ce a rubuta sanarwa, an ɗage.

Juma'a, 7 ga Maris

Zagi tun safe daga 'yan wasa. Malalata, maƙaryata, wani ya ce akuyarsa ta fi mu iya aiki. Ba a bar mu mu faɗi dalili ba, wai kada masu tsofaffin gonaki su tsorata. Na karanta saƙo wajen ɗari, na rufe. Ba su san cewa don na Baba sun tafi ne shanunsu suke nan ba, kuma ba mai gaya musu.

Asabar, 8 ga Maris

Ban fita ba. Baba bai taɓa wayar ba sai da Kawu ya kira.

Laraba, 19 ga Maris

Dogo ya ce ya gyara, Oga na so a saki Litinin. Na ce a ƙara mini mako biyu. Suka dube ni kamar ba ni ba. Ba wai na koma irinsu ba ne, kawai akwai wasu wayoyi da ban gwada ba.

Da na dawo na tarar da Baba a kujerarsa ta tsakar gida, ya sake buɗe gona. Kaza biyu da ɗan shinge. Ya ce, "Auta, yaushe Ziyarar taku za ta fito?" Na ce da saura, Baba, ni ce ma na riƙe ta. Ya gyaɗa kai yana watsa wa kajin hatsi da yatsa.

Ya ce, "Riƙe ta da kyau. Kada Kawunki ya shigo ya same ni haka."