Ba Mai Ne Ya Hana Ka Zuwa Ba

Ya kai sanyin idanuna, inuwata a tsakar rana, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar da ta gaji da jira. Ya Dogona, wanda nake gane ƙarar babur ɗinsa ko cikin babura dubu,

Ina gaishe ka gaisuwar mai sonka, amma ka sani da fushi na ɗauki biron nan.

Ni za ka yi wa ƙaryar mai? Ni da nake tsaye bakin famfo tun safe har yamma, warin fetur ya kama mayafina har sabulu ya gaji da shi? Tun da aka ɗauke ni daga gidan man cikin gari aka kawo ni wannan na kan babbar hanya, duk ranar hutunka sai ka kira ni da murya ƙasa-ƙasa: wai hanyar da nisa, wai babur ɗin shan mai yake yi a babban titi, wai in ƙara haƙuri. Da wata ka faɗa wa, da ta yarda ta ba ka haƙuri. Amma ni?

Ko ka manta wanda ya koya mini? Ranar da na fara ganinka, turo babur ɗin ka yi har gabana, tanki ƙaf, kayan saƙon mutane ɗaure a baya, gumi na bin wuyanka kamar raɓa a jikin kara. Na tsokane ka na ce da alama tafiya mai nisa ka sha. Ka ce ina, ko unguwar ba ka bari ba, cunkoso ne. Ka tsaya kana yi mini bayani har na bayanka suka fara danna hon: a cikin gari mutum ya tashi ya tsaya, ya ja totur ya taka birki, ya zauna a danja inji na ta ci ba ya zuwa ko'ina, giya ba ta taɓa hawa sama. Can ne mai yake ƙonewa a banza. Kuma ranar da ka kawo ni nan da jakata, ba kai ne ka riƙe gudu tsaka-tsaki ba, injin na huci a hankali kamar jariri mai barci, gonaki na wucewa dama da hagu? Da muka iso ka nuna mini allurar tanki kana dariya, ka ce in duba, da ƙyar ta motsa. Ka ce muddin mutum bai yi gudun hauka ba har iska ta riƙa dukan ƙirjinsa, babbar hanya ta fi gari tausayin tanki. Bakin nan da ya faɗi haka, shi ne yau yake gaya mini akasinsa?

Ka san abin da ƙaryar nan ta jawo? Yayana ya zaunar da ni ya ce duk namijin da ya fara auna miki mai, zuciyarsa ce ta yi nisa. Na kare ka har muryata ta dishe, amma da na koma ɗaki sai maganar ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Na daina ɗaga wayarka. Na riƙa zuba wa baƙi mai ina kallon hanya, ina tambayar kaina wace ce ta fi ni kusa.

Sai jiya motar haya ta tsaya shan mai, ƙanwarka ta leƙo ta taga. Ta sauko ta riƙe hannuna ta ce, "Anti, don Allah kada ki ce ni na faɗa. Ba mai ba ne. Yana hanyar zuwa wurinki tirela ta ture shi gefen titi. Hannunsa duk ya saɓule, da riga mai dogon hannu yake ɓoye shi. Tun ranar, in ya doshi babbar hanya tsoro ke kama shi, sai ya juyo."

Ban san lokacin da mai ya cika tankin motar har ya zubo kan takalmina ba.

Haba Dogo. Ka faɗi a kan hanyata, ka tashi ka kaɗe jikinka, ka sa riga mai dogon hannu, ka bar ni ina zarginka da wata mace? Wace irin mace ka ɗauke ni? Wadda za ta ji masoyinta ya tsorata ta yi masa dariya? Kullum ina ganin manyan motocin nan suna wucewa, har gilashin ofishinmu yana girgiza. Wanda ya ji iskarsu a kafaɗarsa bai tsorata ba, ai ba shi da hankali. Ban ga laifin tsoronka ba ko kaɗan. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ka zaɓi in ɗauke ka marowaci mai sanyin so, a kan in san kana jin ciwo. Ka hana ni wanke maka rauni, ka hana ni yi maka sannu, ka ba ni lissafin tanki a madadinsu.

To ka ji. Kada ka hau hanyar nan don ka wanke kanka a wurina, ban yarda ba. Ranar hutuna ni zan shigo mota in zo, kuma ka shirya naɗe hannun rigar nan, don sai na gani da idona. Yayana kuwa, kai za ka gaya masa gaskiya da bakinka, ina zaune. In wata rana zuciyarka ta kwanta, zan hau bayanka mu bi gefen hanya a hankali, duk mai sauri ya wuce mu. In kuma ba ta kwanta ba har abada, ba komai. Da safen nan na shiga ofishin manaja na roƙi a mayar da ni cikin gari, ko da famfon da kowa ke gudu ne. Ya tambaye ni dalili, na ce ina da majinyaci.

Fushin nan zai huce, na san kaina. Ganinka kawai zai kashe shi kamar ruwa kan garwashi. Amma son da ke ƙarƙashinsa ba mai hucewa ba ne, kuma ba wanda zan ba shi sai kai, da raunin da tsoron da duka.

Taka, yau cikin fushi, gobe da kullum cikin amana.