Karyar da Fulani Sunka Bari

Fakku, ranar Lahadi

Yaya Mutawakkil,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Maryama da yara, da aikin Tambuwal. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Inna da ke taɓa ta jefi-jefi.

Rufa'i mai kabu-kabu ya kawo karen da ka sayo wurin maharbin Sanyinna. Kai, kyakkyawa ne! Ja, ƙafafu zara-zara. Ya kuma isar da saƙonka cewa a kori karyar nan tunda an samu mai gadin awaki na gaske. To Yaya, nan magana ta tsaya, don kai ba ka san ta ba sai a bakin mutane. Fulanin Sambo ne sunka bar ta a gonar marigayi Baba da sunka gangara kudu bayan kaka, saboda ƙaya ta lalata mata ƙafa. Inna ta tsince ta, ta gasa ƙafar da ruwan zafi, ta ware mata tsohon kasko da ba ya haɗuwa da kwanoninmu. Gurguwa take kiranta. Da na faɗa mata saƙonka, sai ta tashi ta ƙara wa karyar tuwo. In korar za a yi, ni dai ba da hannuna ba.

Ƙanwarka,
Naja'atu

Fakku, ranar Laraba

Yaya Mutawakkil,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin Khairat da haƙoran? Allah Ya raya ta.

Za ka ga Rufa'i ya maido maka da karenka, kada ka yi fushi. Baƙar akuyar Inna ta haihu kwana fuɗu da sunka wuce, 'ya'ya biyu. Shekaranjiya da hantsi suna tsalle-tsallensu a tsakar gida, jan karen ya zabura ya cafke guda a wuya. Kafin in rarumo muciya ya gama da shi. Gurguwa kuwa ta ja ƙafa ta tsaya bisa ɗayan tana gurnani, ya kasa matsowa. Ashe maharbin da fatar zomo yake yi wa karnukansa wasa tun suna shan nono, Rufa'i ne ya gaya mini. Ba laifin karen ba ne, abin da anka koya masa ya yi. Gurguwa kuma cikin maruƙan Fulani ta tashi. Na san alheri ka nufa, amma fisabilillahi Yaya, karen farauta ka aiko gidan awaki!

Inna tana gaishe ka, ta ce ƙaddara ce.

Taka,
Naja'atu

Fakku, ranar Jumma'a

Yayana,

Ina gaishe ka da kowa da kowa. Ya ruwa a wajenku? Nan mun yi shuka.

Sambo ya dawo da shanunsa za su arewa, ya biyo neman karyarsa. Inna ta kwance baƙar akuyar da ɗan da ya rage ta ce ya karɓa ya bar mata Gurguwa. Ya ƙi, wai su ba su cin kuɗin kare, ko da akuya ce. Ya yi fito sau ɗaya, sai ga karyar ta nufe shi tana kaɗa wutsiya, tana shinshina sandarsa. Inna ta juya ta shige ɗaki. Wallahi sai da na yi hawaye.

Sambo ya daɗe tsaye yana kallon labulen ɗakin Inna. Daga nan ya ja Gurguwa zuwa turken awaki, ya buga sanda a ƙasa sau biyu, ta kwanta. Ya ce haka suke barin ta da maruƙa in za su kiwo, ba ta tashi bin garke sai ya kira ta, shi kuwa ba zai sake kiranta ba. Shanu sunka wuce, ta bi su da ido kawai.

Da la'asar na ji Inna zaune gefen turke tana magana ƙasa-ƙasa. Na zaci da awaki take. Labarinka take ba karyar, yadda kake tsoron ɗan akuya kana yaro, da cewa rabonta da ganinka tun sadakar arba'in ta Baba. Ashe kullum haka take yi, ban lura ba.

Gadi ya samu, Yaya. Kada ka sake aiko komai. Ka taho.

Ƙanwarka mai kewarka,
Naja'atu