An Yanke Wasa Jikana Yana Ɗaure

Zuwa ga Shugaban makarantar sakandaren garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da malamanka, na rubuto maka a bainar jama'a ne domin a bainar jama'a aka yi abin. Na fara zuwa ofishinka mu yi magana mu biyu. Ka ba ni kujera, ka kira ni Baba, sannan ka ce ai wasa ne.

Ni tsohon malamin firamare ne, mazaunin Unguwar Rinji. Kowa a nan ya san ma'anar sunan unguwarmu: kakanninmu bayi ne da aka zaunar su noma gandu. Da yawa daga masu faɗa a ji a garin nan ni na koya musu baƙi, amma har yau in ana zancen asali na iso, sai a sauya magana.

A bikin rabon kyaututtukan zangon da ya wuce, ɗalibanka sun yi wasan kwaikwayo kan bayin ƙasar Haiti da suka 'yanta kansu daga Faransawa. Jikana Habu yana ciki. Ga kukana.

Na farko, yadda aka raba matsayi. Malamin da ya shirya wasan ɗan garin nan ne, ya san gidan kowa. Duk yaran da suka fito a bayi 'yan unguwarmu ne. Waɗanda aka sa wa fararen riguna aka ba bulala kuwa, daga gidan dagaci da gidajen 'yan kasuwa suka fito. Ba ƙuri'a aka jefa ba. Habu ya yarda ne saboda shi zai jagoranci tawayen a kashi na biyu. Da yamma a bayan rumbu yake haddar jawabinsa, ni kuma ina gyara masa.

Na biyu, inda aka yanke wasan. Babban baƙonku bai iso ba sai bayan la'asar, kuma yana sauri. Yaranmu suna durƙushe, an ɗaure su da igiyar turken shanu, da damin kara a ka a madadin rake, sai ka karɓi abin magana ka ce a tsaya nan, lokaci ya ƙure. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Gado ba karambani ba." Aka yi dariya, har da malamai. Aka shiga jawabai, yaran suka koma gefe suna kwance wa juna igiya.

Na uku, abin da ka yanke shi ne tarihin gaba ɗaya. Mutanen garin nan ba sa bukatar wasa kafin su san yadda ake ɗaure bawa. Abin da ba su sani ba shi ne, a shekarar 1791 bayin gonakin rake sun tashi sun cinna wa gonakin wuta. Sun fi shekara goma suna yaƙi. An kama jagoransu ta hanyar yaudara, ya mutu a kurkuku a Faransa, ba su ajiye makami ba. Rundunar da aka aiko ta murƙushe su ta koma a wulaƙance, a 1804 suka kafa ƙasarsu. Ranar da na fara karanta wannan a kwalejin horon malamai, na rasa wanda zan faɗa wa. Kakana bai ƙone gonar kowa ba, noma ya yi har ya mutu. Amma a ranar na san ba a halicci wani da igiya a wuya ba. Wannan nake so a faɗa sau ɗaya a filin garin nan, daga bakin ɗan unguwarmu.

Na huɗu, yaron. Tun ranar ake kiransa Bawan Haiti a filin ƙwallo da bakin famfo. An koma makaranta, bai koma ba. Ya ce wa ubansa gara ya tafi kasuwar hatsi ta Dawanau ya yi dakon buhuna, can ba wanda ya san unguwarsu. Shekara ɗaya ta rage masa ya gama. Na lallashe shi, na yi faɗa, sai ya tambaye ni me nawa karatun ya sauya.

Ba na neman a kori kowa, ba na kuma son a zo gidana ban haƙuri da daddare, ko a aiko da goro. Ina roƙo a sake tara mutanen da suka yi dariya, a fili ɗaya, da rana, a ci gaba daga inda aka tsaya, a bar yaran su tsinke igiyar da hannunsu. Ba sai an gayyaci babban baƙo ba. Habu ya ce in za a yi haka zai dawo, kuma jawabin yana nan a kansa. Motar da ke kai 'yan dako Dawanau kullum tana tsayawa a bakin unguwarmu, ni kuma na tsufa, ba kullum zan iya tare hanya ba.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, na kowace unguwa.

Wassalam.

Malam Isiyaku Garba,
Unguwar Rinji.