Tauraron da Hanan ta kai gidan maƙwabta

Assalamu alaikum Yaya Binta,

Ina gajiya, ina iyali? Ya ƙafar Baba, da sauƙi? Mu nan garin Lanham lafiya lau, sai sanyin da ya kulle mu a ɗaka.

Yaya, abin kunya zan faɗa miki: kishi nake da dattijuwa. Kin san in na tafi aiki asibiti, wurin maƙwabciyarmu Hajiya Mariya, 'yar Kumasi, nake barin 'yata Hanan. Ranar Asabar dusar ƙanƙara ta zuba, ni kuma ina hutu, sai muka zauna ni da yarinyar muna haɗa adon azumi. Muka yanka tsofaffin kwalaye, muka naɗe su da takarda mai ƙyalli, muka fitar da wata da taurari. Ta zaɓi tauraron da ya fi kyau ta rubuta "Mama" a bayansa. Har na share masa wuri a bangon falo, sai ta ɗauko rigar sanyinta ta ce, da Turanci, za ta kai wa Mama Mariya.

Ni na raka ta. Matar ta rungume ta tana shi mata albarka, Hanan tana amsawa da Hausa, abin da ba ta taɓa yi min ba. Baiwar Allahn nan alheri kawai take min, shi ya sa abin ya fi ci na.

Ki sa ni a addu'a, Allah ya wanke min zuciya. Ki gaida Inna, amma kada ki ba ta labarin. Ta raini 'ya'yan mutane da yawa, na san bayan wa za ta bi.

Ƙanwarki,
Rabi