Sunan Ɗan Fari

Madawa, daren Laraba

Na kasa barci. Tun da dokar nan ta haɗa likitarmu, asibitin da nake aiki, da masu farmasin kuɗi don kama ɓarayin maganin yara na kyauta, dole kowace uwa ta faɗi sunan da ke kan karnen ɗanta, wato katinsa na asibiti, da bakinta. In ta kasa, a toshe karnen nan da can.

Yau wata mata ta zo daga Azarori, jikin ɗanta zafi rau. Kwantarolan da aka turo mana, mai binciken takardu, ya ce, "Malama, mi sunan yaron?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗan hwarina na, Mushe," in ji ta, wato Malam da Faransanci.

Ya sake tambaya. Ta ja mayafi ta rufe baki.

Ya ce karnen aro ne. Na gaya masa a nan uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ya ce wannan ba ya cikin doka.

Ta goya yaron ta fita cikin rana, ba magani. Ni ma, da yake da ni ta fara haihuwa, Inna har ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba. Sunan yaron yana bakina, amma ba bakina ake so ba.