Sunan Yaya Najat a Ƙasan Layi

Park Hill, Staten Island,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Kawuna Kadri,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da duk mutanen gida a Birmingham. Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da ciwon bayan nan da Mama ta ce yana damunka. Mu ma lafiya lau. Mama tana nan tana aikinta na kula da tsofaffi, Baba kuma yana ta tuƙi. Ƙafar Kaka ta yi sauƙi, sai dai likita har yanzu bai yarda ta hau jirgin sama ba. Ni ce Shamsiya, wadda take guduwa ɗaki in ka kira waya. Ba raini ba ne, Kawu, kunya ce take hana ni magana. Shi ya sa na rubuta da hannu, zan ɗauki hoton takardar da wayar Mama in turo maka.

Na yi wani kuskure, kuma ya shafi Kaka da 'yarka Yaya Najat. Ban sani ba ko ka san ni ce nake bibiyar wasannin tenis ɗin Yaya tun bara. Ba a nuna irin gasanninsu a talabijin, Baba ya ce ƙanana ne. Amma akwai wani shafi a intanet da ake sa sunan kowace 'yar wasa da tutar ƙasarta a gefe. Babu hoto, babu murya, lambobi ne kawai suke canzawa. In suna wasa a Turai, a nan safiya ce, muna aji, kuma ana karɓe mana waya. Sai lokacin cin abinci nake zuwa laburare in duba a kwamfuta. In na dawo gida Kaka ba ta bari in ajiye jaka sai ta ce yaya jikarta ta ƙare da Turawa. In ta ci, Kaka ta ce jinin gidanmu ne. In an cinye ta, ta ce rana ce ta yi mata yawa.

Mako uku da suka wuce na ga sunan Yaya a jerin wata gasa da za a fara ranar Litinin mai zuwa a nan Amurka, a wani gari da bai kai tafiyar awa uku a mota daga gidanmu ba. Ban tsaya karanta komai ba. Daga tashar bas har hawa na huɗu inda gidanmu yake da gudu na zo, na gaya wa Kaka Najat za ta zo. Ka san rabonta da ita tun tana shekara biyu. Kaka ta sa na maimaita sau uku, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito sai ta ce kada wanda ya yi maka maganar, wai ta san halinka tun kana yaro, so kake ka ba ta mamaki, ita kuma ba za ta ɓata maka shiri ba. Shi ya sa duk kiran da ka yi kwanan nan take ta tambayarka sanyi da ruwan sama, tana rufe baki tana dariya.

Daga nan abu ya fi ƙarfina. Mama ta yi ta roƙo har wata abokiyar aikinta ta yarda su yi musayar rana, za ta yi mata Asabar biyu a madadin Litinin ɗin. Hajiya Hawawu, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, ta ce mijinta zai kai mu a motarsa, kuma ta gaya wa duk matan masallaci cewa jikar Kaka ce take buga wa Ingila ƙwallo. Kaka ta yi dambun nama roba biyu ta hana kowa taɓawa, har Baba. Abin da ya fi damuna shi ne tafiyar da take yi. Ta ɗauka wurin wasan ƙaton fili ne mai matakala da yawa, don haka kullum bayan la'asar sai ta ɗauki sandarta ta bi barandar hawanmu tana ƙirga ƙofofi. Ranar farko ƙofa uku ta iya. Yanzu tana kai ta tara ta dawo.

Bayan kwana huɗu na koma shafin na karanta a hankali, sai na ga akwai layi a tsakiyar jerin. Na saman layin su ne suka samu shiga. Na ƙasa jira suke, sai wata ta janye sannan a ɗauki ɗaya. Yaya tana ƙasa, ita ce ta huɗu. Kawu, ranar ban iya cin abincin makaranta ba. Na dawo gida da niyyar faɗin gaskiya, na tarar da Kaka tana gwada sabon mayafi a gaban madubi tana tambayar Mama ko zai yi kyau a hoto. Sai na fasa.

Tun daga ranar na daina bin Yaya kaɗai, na koma bin duk waɗanda suke saman layi. Biyu suka janye da kansu, Yaya ta zama ta biyu. A cikin sauran akwai 'yan Birtaniya biyu da suke wasa a Fotugal wannan makon, su na fi sa wa ido. Ga abin da nake jin kunyar rubutawa. Ranar Lahadi bayan sallar azahar na roƙi Allah ya sa ɗaya daga cikinsu ta gurɗe ƙafa, ba sosai ba, yadda dai ba za ta iya zuwa ba. Ranar Talata ina laburare, ɗaya daga cikinsu tana wasa, lambobin suna tafiya, sai suka tsaya a uku da biyu. Na yi ta sabunta shafin har aka kaɗa ƙararrawa, ba su motsa ba. Da aka tashi na duba, an rubuta ta bar wasan saboda rauni. Jiya da safe sunanta ya fita daga jerin, Yaya ta zama ta farko a ƙasan layi. Na ɗauka zan yi murna, amma ban yi ba. Shekararta goma sha tara, kamar Yaya.

Jiya da yamma na bi Kaka baranda na riƙe mata hannu, a wajen ƙofa ta biyar na faɗa mata komai, da layin da addu'ar. Ta tsaya ta jingina da bango, ba ta kalle ni ba. Da ta yi magana, ba ta layin ta fara ba. Cewa ta yi yarinyar nan ita ma tana da kaka a wani wuri, kuma ba ni na karya ta ba, amma in je in yi istigfari in roƙa mata sauƙi da sunanta. Sannan ta tambaye ni ko babu hanyar da wata za ta janye ba tare da ciwo ba. Na ce akwai. Ɗaya 'yar Birtaniyar, wadda take Fotugal, in ta ci gobe ta ci jibi, za ta buga wasan ƙarshe ranar Lahadi, kuma da wuya ta iso nan ranar Litinin. Kaka ta ce ashe abin mai sauƙi ne, alheri za mu roƙa mata. Sunanta ya ƙi zama a bakin Kaka, sai ta sa mata Doguwa, ko da yake ba mu taɓa ganin tsayinta ba. Yau da asuba na ji tana roƙa wa Doguwa nasara. Amma Kawu, na duba wadda za ta kara da ita gobe, ta fi ta matsayi nesa ba kusa ba, kuma sau biyu tana cinye ta a bana.

Mama ba ta sani ba tukuna. Kaka ta ce ni na ɗaura, ni zan kwance, kuma in fara da kai. Ga roƙona. Na karanta cewa wasu masu jira sukan zo garin duk da haka, su sa hannu ranar Lahadi ko za a dace. Ban san ko Yaya tana da wannan niyyar ba, kuma na san tafiyar ba ƙarama ba ce. In za ta zo, ko ba ta buga ba, Kaka ba ta san dokar wasan ba balle ta ji ta yi asara. In kuma ba za ta zo ba, don Allah ka kira Kaka kafin Lahadi ka gaya mata da bakinka, ka ba Yaya wayar ko gaisuwa ce ta yi da 'yar Hausarta. Wannan karon ba zan gudu ɗaki ba, ni zan riƙe wa Kaka wayar.

Ka gaida Anti Rufaida, ka gaida Yaya Najat, ka ce mata ta yafe mini, ina ganin kowane makinta ko da ba ta san ni ba. Baba yana gaishe ka. Kaka ba ta ba ni saƙo ba, don ta fita. Yanzu haka ina jin ƙarar sandarta a baranda, ta wuce ƙofa ta tara ba ta juyo ba, kuma ban san ko in je in ce ta dawo ta zauna ba.

'Yarka mai jiran amsa,
Shamsiya